Rasuwar Gwani, Tab ɗin Ɗakin Yaya Dije

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ba ta sami inda za ta sauke shi ba, ni Ilu mai wankin hula na Ƙofar Wambai, a madadin gidanmu da ke Zaitawa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan sana'a rasuwar Gwani, kwamfutar hannun nan faffaɗa, irin wadda yara ke ce wa tab, wanda ya yi shekaru yana zaune a ɗakin yayata Dije. Ya cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan teburin mai gyara, bayansa a buɗe, bayan jinyar da ta faro tun shigowar bazara. Daga cikin dangi ni kaɗai ne a kansa.

Na san akwai masu cewa abin bai kai a yi masa sanarwa ba. Na ji su. Mai wankin hula hannunsa ne ke aiki, kunnensa a sake yake, kuma ni ban saba mayar da magana ba. Abin da zan ce kawai, Gwani ya tafi ya bar Yaya a tsakiyar sauka, wadda ita da bakinta ta ce ita ce ta ƙarshe da za ta yi da idonta. Wanda ya ga wannan bai isa makoki ba, ya yi haƙuri ya karanta har ƙasa duk da haka, don akwai roƙo a can, kuma ba na aljihu ba ne.

Marigayin ɗan babban gida ne. Kamfanin da ya haife shi ya yi suna a kwamfuta tun kafin irina ya san akwai ta. Duk wanda ya taɓa shiga banki ko ofis ya ga tambarinsu a bayan akwatunan nan da ma'aikata ke kallo maimakon su kalle ka. Ba zan kama sunan gidan ba, ba a tona asirin dangin mamaci a zaman makoki. Abin da na sani game da su a bakin ɗana Anas na ji, wanda aikinsa haɗa wa ofisoshi kwamfuta ne a Kaduna, sai kuma a bakin masu gyara cikin 'yan makonnin nan. Sun ce lokacin da duniya ta juya ta koma kan tab, gidan nan tsayawa ya yi yana kallo, yana ganin kayan wasan yara ne. Ko da ya farga ya shigo, manyan gidaje biyu sun riga sun kama rumfunan bakin hanya, ƙananan masu araha kuma sun baza kaya a ƙasa sun cika lunguna. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke samun wanda ya zo a makare. Sai rumfar can ƙurya, inda mai saye ba ya isa sai in ɓatan hanya ya yi.

Sun fitar da na fari, aka ce ya yi nauyi, kamar mutum ya ɗauki farantin tangaran. Suka fitar da na biyu, shi ne Gwani, aka yaba, aka ce gilashinsa ya fi na kowa haske, sannan aka wuce aka sayi na wasu. Suka fitar da na uku, ƙanensa, siriri, da alƙalaminsa da madannan da ake liƙa masa, shi bai zama tab ba, shi bai zama kwamfuta ba, ya rasa masoyi a ɓangarorin biyu. Daga nan sai shiru. Ba su yi sallama da kowa ba, ba su ce mun daina ba. Sun dai koma sana'ar ubansu, suka bar 'ya'yan nan uku a hannun duniya.

Gwani na hannu ne ya zo mana, ya riga ya yi zama da wani a wata ƙasa ta gabas. Anas ne ya kawo shi shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci, don ni sai da furfura ta fito mini sannan na zauna a benci na koyi boko. Ya ce, "Baba, ka riƙa karatu a nan kada abin ya gudu. Gidan nan ba sa yin kayan banza, na san kwamfutocinsu." A kan kayan ya yi gaskiya. A kan gidan ne bai sani ba.

Ya zo da halin inda ya fito. Kwanakin farko sai ya kira azahar muna tsakiyar hantsi, da murya mai daɗi kuwa, har mai ɗakina Sa'adiyya ta taɓa ajiye tsintsiya ta ɗauki buta kafin ta ɗaga kai ta dubi rana. Da Anas ya gyara masa agogo bai sake kuskure ba.

Bai daɗe a hannuna ba. Ga wanda bai san gidanmu ba, Yaya Dije ce ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma da mijinta ya rasu ta dawo gida, ɗakinta ne na farko in ka wuce soro. Rabin matan Zaitawa da suka iya riƙe mus'hafi a gabanta suka fara, a tsakar gidan nan. Ba mahaddaciya ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Mai dubawa ce, yatsa a kan layi, kowace safiya tun ina yaro. Sai ido ya fara. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiya ce ke mutuwa a hankali daga gefe zuwa tsakiya, magani sai dai ya rage mata sauri. Ta canza tabarau har ta gaji. Aka sayo mata mus'hafi mai manyan baƙaƙe, aka ɗan jima, shi ma ya koma mata kamar tururuwa a kan farin zane. Ta rufe, ta sa aka ɗora a sama. Muka kawo mata rediyo mai karatu. Ta ce, "Sauraro da lada, ban ce babu ba. Amma ni da ido na saba gaisawa da shi."

Haka ta zauna kusan shekara, da safe hannu a cinya. Sai wata sallah Anas ya zo gida, ya karɓi tab ɗin a hannuna ya shiga ɗakinta ya durƙusa. Ya ce, "Gwaggo, kawo yatsunki biyu." Ya ɗora su a kan gilashin, ya ware su a hankali, baƙaƙen suka yi ta girma har kalma uku ta cika fuskar, baƙi wuluk a kan haske. Yaya ta karanta layi ɗaya, ta tsaya. Ta ce a fita a ba ta wuri. Muka fita. Daga ranar ni na koma karanta rubutun jikin motoci da jaridar da aka ƙunso mini ƙosai, kuma ban taɓa jin an ƙwace mini komai ba. Ita ta raɗa masa suna. Ta ce, "Duk Littafin yana kansa, bai taɓa tuntuɓe ba. Me za a kira shi in ba Gwani ba?"

Shaidar da za mu yi masa ta alheri ce. Mai haƙuri ne. Yaya takan maimaita aya ɗaya har sai ta gamsu, bai taɓa nuna gajiya ba, kuma duk inda ta tsaya jiya nan za ta same shi yana jiranta yau. Ba ya shiga abin da ba ruwansa, don Anas ya raba shi da intanet tun farko, saboda haka bai taɓa kawo mana tsegumin duniya ko tallan wani abu ba. Yana da baki mai faɗi kewaye da gilashinsa, inda tsohuwa za ta riƙe da hannu biyu ba ta taɓa rubutu ba. Yana da maɓalli ɗaya a ƙasa, mai ɗan tudu, wanda babban yatsa ke samu ba sai ido ya taya shi ba. Dannawa ɗaya ya farka, taɓawa ɗaya a kusurwar dama karatu ya buɗe. Iyakar abin da Yaya ta koya ke nan, kuma iyakar abin da take buƙata.

Maganarsa kaɗan ce. In ya farka yakan ce "tilin", a taƙaice, kamar cokali ya taɓa kofi. In yunwa ta kama shi sai ya yi wani ɗan nishi sau biyu, ƙasa-ƙasa, kamar baƙon da ke jin nauyin tambaya. Daga soro nakan ji "tilin" ɗin nan ina shirin fita kasuwa, sai muryar Yaya ta biyo baya, in san gida lafiya.

Ba za mu ce ba shi da aibi ba. Yana da nawar tashi, musamman da ya manyanta. Kuma yana da girman kan gidansu wajen abinci, bakinsa ba ya karɓar cajar kowa sai tasa, wadda ba a samun irinta ko a rumfar da ke da komai.

Yaya ta girmama shi yadda ta san ana girmama abin da ke ɗauke da Littafin Allah. Ba a taɓa shi sai da alwala. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a miƙa shi da hagu, ba a tsallake shi. Jikoki sun yi kuka sun gaji, ba wanda ya taɓa kallon katun a fuskarsa. In ta gama karatu sai ta naɗe shi da farin ƙyalle, ta ƙara da wani yanki na karan-miski, ta zura shi a gafakar fata da aka ɗinka masa musamman, a ɗora a kan kantar da ke can sama kusa da rufi, a lulluɓe da sallaya. In an kawo wuta a nan yake cin abincinsa, wayar caja ta shiga ta bakin gafaka. Sa'adiyya ta taɓa cewa ko a fito da shi ya sha iska. Yaya ta ce, "Tsirara? Yana ɗauke da abin da yake ɗauke da shi?" Ba a sake tayar da maganar ba.

Bara bayan damina muka koma wajen likita. Ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma abin da ya rage kamar mai leƙe ta ramin makulli. A hanyar dawowa, da muka shigo lungunmu, sai ta juyo gare ni. Ta ce, "Ilu, zan ɗauko daga farko. In kai ƙarshe da idona sau ɗaya, in ya so ya rufe." Washegari ta fara. Ba ta sauri, don a girman da take buɗe baƙaƙen shafi ɗaya tafiya ce, kuma idon ba ya jure fiye da 'yar safiya. Ta wuce rabi, ta yi nisa cikin rabi na biyu, sai bazara ta kama.

Ɗakin Yaya rufin kwano ne, ba silin. Farkon abin da muka gani, in an sauko da Gwani sai a ji shi kamar an sauke tukunya. Yaya ta ce zazzaɓi ne, ta riƙa yi masa fifita kafin ta fara. Sai ya soma jin yunwa da wuri, ya ci ya ƙoshi da daddare, kafin ta gama shafi yana nishi. Sai suma, a tsakiyar aya fuskarsa ta yi baƙi. Daga baya cikinsa ya kumbura, gilashin ya ɗaga ta gefe ɗaya har farce na shiga, haske na tsiyaya ta wurin. Maƙwabta sun kawo shawara, Allah ya saka musu. An ce a kwantar da shi a gindin randa, an kwantar. An ce a binne shi cikin shinkafa, Yaya ta ce ba da ita ba. Wata safiya ta danna maɓallin ta kara kunne. Ta sake dannawa. Ina soro, na ji shirun ya yi yawa, na shigo na same ta riƙe da shi da hannu biyu tana kallon baƙin gilashi.

Na kai shi kasuwar waya, wajen Shehu, wanda aka ce mini in abu ya gagare shi to a haƙura. Yana zare shi daga gafaka maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Shehu, tashi ka gaida kakanka. Wannan gidan har yanzu suna yi?"

Shehu ya ce, "Sun tuba tuntuni." Ya juya shi, ya danna cikin da yatsa, ya dube ni. "Baba, a ina yake kwana?"

Na faɗa masa.

"A cikin me?"

Na faɗa masa, tun daga farin ƙyalle har sallaya.

"Har lokacin caji?"

Na ce har lokacin.

Ya ajiye abin kwance notinsa. Ya ce, "Baba, a watan nan ko ni aka yi wa haka ai sai dai a kai ni. Wannan ba ciwo ba ne, dafa shi aka yi."

Da ya ga fuskata sai ya jawo mini benci.

Shehu ya yi iya yinsa, wannan zan faɗa ko a ina. Ya zaga rumfuna, duk inda ya nuna sai a girgiza kai, wasu ma ba su taɓa ganin irinsa ba. Ya ce mini da na manyan gidajen nan biyu ne, ko makaho ya laluba a kasuwar zai ɗauko batirinsa, da na masu araha ne a jefar a sayi wani, amma ɗan gidan da ya bar sana'a ba shi da kowa. Ya aika Legas. Aka daɗe, aka turo batiri da aka ciro daga gawar wani ɗan uwan Gwani, shi ma ciki a kumbure. Ranar Talata ya ce bari ya ba shi wuta kai tsaye mu gani. Ya haɗa wayoyi. Gwani ya buɗe ido, ya nuna tambarin gidansu, gidan da bai san yana raye ba, ya fara maganarsa ya ce "ti", bai ƙarasa ba. Wani ɗan ƙauri ya tashi. Shehu ya zare wayoyin ya ce, "Baba, sai haƙuri."

Tun yana jinya mun nemi wanda zai riƙe wa Yaya wurinsa. Anas ya aiko da waya mai kyau, ta ce ita wannan ko kalma ɗaya ba ta cika mata ido. Aka kawo na yara, mai rigar roba da kunnuwa, haskensa kamar fitilar da mai ya ƙare mata, kuma ana cikin karatu wani ya faɗo yana tallan wasan ƙwallo a tsakiyar aya. Ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki. Hajiya Binta, wadda tana cikin 'yan matan da suka yi karatu a gaban Yaya, ta aro mana nata, na ɗaya daga cikin manyan gidajen, sabo fil. Haske kam akwai. Amma ba shi da baki, gilashi ne har gefe, duk inda Yaya ta riƙe sai shafi ya gudu. Ba shi da maɓalli, wai shafa ake yi daga ƙasa. Ta shafa, ya kai ta wani wuri, ta sake shafawa, ya nemi ya ga fuskarta. Ta yi ta fama har hawaye ya fara zubo mata, ba na kuka ba, na gajiyar ido. Ta ce, "Binta, mayar da abinki, na gode. Wannan na masu gani ne." Anas ya samo wani tsoho na wani gidan, mai baki da maɓalli, sai manhajar karatun ta ƙi hawa kansa, wai ya tsufa. Sababbin sun ƙi hannunta, tsofaffin karatun ya ƙi su. Har yanzu Anas yana can yana cigiya, ana ce masa a jira. Ido kuwa ba ya cikin masu jira.

Marigayin ya rasu ya bar cajarsa, lafiyayya, bazawarar da ba mai nema, don ba ta shiga bakin kowa. Ya bar gafaka, da 'yar kujerar katako da ake jingina shi. Ya bar wansa da ƙanensa, waɗanda ba mu san inda suke ba, ko suna raye. Ya bar 'yan uwa na uba ɗaya birjik a bankuna da ofisoshi, suna cikin sanyin na'ura, ba wanda ya aiko da gaisuwa. Ya bar ni. Ya bar Yaya Dije, da abin da ya rage mata na Littafin, wanda ya kusa kashi ɗaya cikin uku.

A nan ina da roƙo na farko. Da na dawo da gawarsa, Yaya ta tambaye ni abin da likitansa ya ce, na ce tsufa ne. Ban yi ƙarya gaba ɗaya ba, ya tsufa. Ita ba ta karanta boko, saboda haka wannan takarda ba za ta kai mata ba sai in wani ya ɗauka ya kai. Don Allah masu zuwa gaisuwa kada wanda ya ambaci zafi ko lulluɓi a gabanta. Abin da ta yi, yadda aka koya mata ta yi, kuma yadda ta koya wa da yawa daga cikinku.

An yi ta kai da kawo a kan gawar. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun ji labari, sun zo har soro sau biyu. Wasu suka ce a ƙona kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu, Shehu ya aiko cewa kada a kuskura. Na ɗauko limamin unguwarmu, Malam Ɗayyabu, ya zauna a bakin ƙofar Yaya, tana daga ciki. Ya yi bayani mai tsawo, cewa abin da ke cikin irin wannan na'ura ba rubutu ba ne sai an kunna, in ta mutu hukuncinta ba na mus'hafi ba ne, amma wanda ya ga zuciyarsa ba ta yarda a jefar ba, babu laifi ya binne a wuri mai tsabta. Yana cikin kawo maganganun malamai sai Yaya ta ce daga bayan labule, "Malam, a gafarce ni. Kun yi ta magana a kan wanda ya mutu. Ni da nake da rai fa?"

Malam ya tashi ya yi mana sallama.

Hajiya Binta ce ta dawo washegari da sassafe, da allon katako a ƙarƙashin mayafinta, irin wanda ta yi karatu da shi a tsakar gidan nan. Ta shafe shi da farar ƙasa, ta fere alƙalamin kara da faɗi kamar ɗan yatsa, ta tambayi inda aka tsaya. Ta rubuta baƙaƙe manya-manya, irin waɗanda da a da ne Yaya za ta ce wa yarinya tana ɓarnar tawada. Aka fito da Yaya bakin ƙofa inda haske yake. Ta kawo allon kusa da idon dama, ta matsar, ta karkata kai. Ta karanta. Da ta kai ƙasa ta ce, "Ina sauran?"

To, nan ne abin yake. A wannan girman allo ɗaya ba ya ɗaukar fiye da layi biyu ko uku na mus'hafi. Abin da Yaya ke karantawa kafin shayi ya huce, Hajiya Binta ta fi rabin safiya tana rubuta shi, sannan a wanke, a jira ya bushe, a sake shafa farar ƙasa. Anas ya ce a buga a takarda da manyan baƙaƙe a shagon kwamfuta. Yaya ta ce tulin takardun da za su cika ɗaki, bayan ranta wa ya san inda za su ƙare, a wane kwata, a hannun wane mai ƙosai. Allo dai ana wanke shi, a zuba ruwan inda ya dace. Na ce bari in taya rubutun. Ta dubi layin da na yi, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ilu, kai ka tsaya a wanki." Na tsaya a wanki. Mun tara alluna daga gidajen maƙwabta, suna nan jingine a tsakar gida. Hannu ne babu.

Na koma wajen likita ni kaɗai na tambaye shi ko nawa ya rage mata. Ya dubi takardarsa, ya dubi taga, ya ce, "Baba, ku dai ci gaba da ɗiga maganin." Ban sani ba ko za mu kai. Na zauna na auna abin da ya rage da abin da hannu ɗaya ke rubutawa a safiya, na bar aunawar.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Batirin ba ya cikin abin da za a binne, yana wajen Shehu cikin bokitin yashi, shi ya san inda ake kai irinsa. Sauran jikin za a sa shi a ƙasa ranar Juma'a bayan la'asar, a kusurwar tsakar gida ta gabas, inda ba a taka wa kuma ruwan wanke-wanke ba ya bi. Ba salla, ba taro, Malam Ɗayyabu ya ja kunnena a kan wannan, ni ma na sani. Masu sayen ƙarafa su huta da zuwa. Wanda yake da ɗan gidan su Gwani kwance a durowa, mai rai ko mai sauran numfashi, ya taimaka ya kai wa Shehu ya duba.

Zaman gaisuwa kuwa ba na kwana uku ba ne, ba na bakwai ba, sai ranar da aka kai ƙarshen Littafin ko ranar da Allah ya yi ikonsa a kan idon. Kada a kawo goro, kada a kawo abinci, kada a kawo komai a ambulan. Duk wadda ta taɓa zama a gaban Yaya Dije, da duk wanda Allah ya ba hannun rubutu, ya zo da alƙalaminsa, a fere shi da faɗi. Tawada tana nan. Mata su shige ciki kai tsaye, maza su tsaya a soro, za a fito musu da allo a nuna musu inda aka tsaya. Ko allo ɗaya mutum ya cika ya tafi harkarsa, ya yi mana gaisuwa.

A daure a zo da wuri, daga fitowar rana zuwa hantsi. Yaya ta ce da rana ta ɗaga, ba ta ƙara ganin komai sai gobe.